Allurar Birai Ba Ta Zo Malumfashi Ba

Hayyul Ashir, Madinat Nasr, Alƙahira
Watan Yuni

Anti Husaina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga 'yarki ta Masar, da fatan kina lafiya, ke da Malam Abdulbasit da baƙon da muke jira. Ni lafiyata ƙalau, sai zafin garin nan da yake nema ya gasa mu da ranmu. Ya laulayi? Kin ce ya lafa, amma na san ki, ko ƙafarki ce ta karye cewa za ki yi da sauƙi.

Ɗanmalam, ɗalibin nan ɗan garinmu, ya gama jarrabawa zai taho gida, shi ya sa na zauna rubutu. Ina nan kan umarninki, maganar jikinki ba ta shiga waya, tunda wayar taki ta zama ta unguwa, kowane yaro da hannunsa a ciki. Na cusa ambulan ɗin a tsakiyar rigunan jariri. Shi dai abin da ya sani man zaitun da habbatus sauda ya ɗauko.

Anti, albishir nake tafe da shi. Dakta Eman, malamar da take duba aikina na digiri na biyu, ta ba ni batun da zan yi nazari a kai, kuma batun naki ne. Kin san abin da ya sa cutar nan ta gagari masu rigakafi? Ƙwayar HIV ɓarauniya ce mai sauya riga. Jiki ya haɗa sojojin da za su kama ta, kafin su iso ta sake kama. To, an gano cewa cikin waɗanda suka daɗe suna ɗauke da ita akwai 'yan ƙalilan da jininsu ya ƙera wasu sojoji na daban. Su ba ruwansu da riga, wurin da ƙwayar ba ta iya sauyawa suke damƙa. Kamar ɓarawon da yake ɗingishi ne, ya sa rigar da ya ga dama, tafiyarsa za ta tona shi. Shi ya sa suke kama ire-iren ƙwayar da yawa, ba iri ɗaya ba. Masana suka ɗebo su daga jinin mutanen nan, suka kwaikwayi ƙirarsu, suka yi allura.

An gwada allurar a jikin birai, da wata ƙwaya da aka haɗa mai kama da ta mutane. Wasu an yi musu kafin a sa musu ƙwayar, ta yi makonni ba ta kama su ba. Amma wanda ya sa ni kuka a cikin mikrobas, motar hayarsu ta nan, na jariran birai ne. An sa musu ƙwayar, washegari aka fara yi musu allurar, da aka bincika daga baya ba a same ta a jikinsu ba. Matar da take kusa da ni ta miƙo min tishu tana cewa, "Ma'alish ya binti," wato in yi haƙuri, ta ɗauka miji ne ya sake ni. Ni kuwa ke na tuna, da ranar da na raka ki asibiti a Funtua bayan rasuwar mijinki na fari, kika riƙe hannuna har ya yi tsami.

Abin nan yana tafe, Anti, da yardar Allah yana tafe.

Tagwa, Bahaushiyar Sudan ɗin da muke ɗaki ɗaya, ta cinye yajin da kika aiko, tana gaishe ki ba kunya. Idan kin je Malumfashi ki gaishe min da kakata Gwaggo, ki ce mata jikarta ta zama likitar birai.

'Yarki,
Khairat

*

Malumfashi
Watan Yuli

Likitar birai,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso hannuna lafiya, Allah ya saka da alheri, ya ba da sa'ar karatu. Rigunan sun yi kyau, sai dai kin saya kamar 'yan uku zan haifa. Muna lafiya, ƙafafuna ne kawai suka kumbura. Alhaji Atiku na bayan masallaci zai je can a yi masa aikin gwiwa, matarsa ce za ta ba ki wannan tare da daddawa da kuka.

Kin ga daga inda nake rubutu. Gwaggo da kanta ta ɗauko mota ta zo Funtua. Ta ce cikin fari ne, kuma don iyayena ba su da rai ba za a ce 'yar ƙaninta ta rasa gidan goyon ciki ba. Na ce mata ni ba yarinya ba ce, ga makaranta ba mu yi hutu ba. Ta ce ko shugabar makarantar ce ni sai na shiga motar nan. Abdulbasit yana tsugune kansa a ƙasa, in ban da "to, Gwaggo" ba abin da ya iya cewa. Kin san shi da kunyar surukai.

Khairat, ɗaki ɗaya muke kwana da ita, gado ɗaya. Jakata ita ta zazzage ta jera min kayan a durowarta. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta ko ɓera ya taka tabarma sai ta ce wane ne. Na san haka tun kafin mu taso, shi ya sa na bar robar maganina a Funtua, na tura ta ƙasan akwatin zannuwana. Abdulbasit bai sani ba, ya ɗauka tana cikin jakata. Kada ki yi min faɗa. Matar nan ita kaɗai ta rage min a manyan dangin Baba. Ranar da ta ji abin da nake ɗauke da shi ban san da wane ido za ta kalle ni ba. Kin san yadda ta ware wa marigayi Sani direba kofinsa da aka fara raɗe-raɗi a kansa.

Da farko hankalina bai kwanta ba, sai na sake karanta takardarki na ji sanyi. Tunda jariran birai an yi musu allurar bayan ƙwayar ta shiga kuma suka kuɓuta, to nawa ma ana haihuwarsa sai a yi masa. Ni babba ce, zan jure 'yan watannin nan, in na koma ɗakina in ci gaba da sha. Don Allah ki roƙi malamarku ta sama min ta mutum ɗaya. Mene ne ba a samu a Masar? Maganin idon Gwaggo daga nan yake zuwa, na sikarin Liman ma haka. In tana son sanyi ne a sa ta a fulas da ƙanƙara, Ɗanmalam yana da abokai masu zuwa da komawa.

Wannan ne karo na farko tun da na sami cikin nan da nake barci ba fargaba, kuma ke ce sila.

Gwaggo ta ce in gaya miki biran Masar ma ai sun fi ki hankali, tunda su ba su bar garinsu ba.

Antinki,
Husaina

*

Madinat Nasr
Watan Agusta

Anti Husaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da jiki, amma yau ki yafe min gajeriyar gaisuwa. Sai jiya na karɓi takardarki. An kwantar da Alhaji Atiku suna sauka, matarsa ta manta da saƙon a jaka har aka sallame su. A bakin titi na buɗe ta, na zauna a kan dakalin mai sayar da ful, dafaffen wakensu.

Anti, babu allurar nan. Babu ita a Masar, babu ita a kowane kanti a duniya. Gwaji ake yi har yanzu. Ni da nake ta cika miki baki ko biri ɗaya ban taɓa gani a ɗakin bincikenmu ba. Biran suna can ƙasashen Turawa, a takarda nake karanta labarinsu. Murna ce ta ɗebe ni na rubuto miki rabin magana, ga sauran rabin.

Ƙwayar da aka sa wa biran iri ɗaya ce, kuma an riga an san allurar tana kama ta. Mutum kuwa ba ya zaɓen wadda za ta shige shi. Da aka gwada ɗaya daga cikin alluran a jikin mutane, ta tare wasu ire-iren ƙwayar, wasu suka wuce ta. Shi ya sa yanzu ake haɗa biyu ko uku. Ana gwadawa a kan jarirai ma a wasu ƙasashen Afirka, amma ƙari ne a kan maganin uwa da na jariri, ba madadinsu ba. Kuma biran an san ranar da ƙwayar ta shige su. Ɗanki yana cikin cikinki yanzu, duk ranar da ba ki sha magani ba ƙwayar tana ƙaruwa a jininki, tana iya isa gare shi tun kafin ya fito.

Abin da zai kare shi yana ƙasan akwatin zannuwanki. Macen da take shan maganinta har ƙwayar ta kwanta, da wuya ƙwarai ɗanta ya ɗauka. Wannan ba a biri aka gani ba, a jikin dubban mata irinki aka gani.

Da safe na je wa Dakta Eman ido a kumbure. Ban faɗi sunanki ba. Ta cire tabarau ta ce, "Khalas, kuka ya isa. Yalla, rubuta mata yanzu." Ga abin da ta ce. Ki koma kan maganin yau. Ki je asibitinki ki gaya musu gaskiyar tsawon lokacin da kika bari, su auna jininki. Ki haihu a asibiti, ba a ɗakin Gwaggo ba, don akwai maganin ruwa da ake fara ba jariri da an haife shi.

Saura abin da zai ɓata miki rai. Ba zan jira matafiyi ba. Zan ɗauki hoton takardar nan in tura wayar Malam Abdulbasit, ya ɗauko robar ya kawo miki. Na san zai karanta, na san na tona abin da kika ɓoye masa. Shi ma maganin nan yake sha, a wurin karɓarsa kuka haɗu, ba wanda zai fahimce ki kamarsa. Ki yi fushi da ni iya son ranki, na ɗauka.

Khairat

*

Madinat Nasr
Ƙarshen Agusta

Anti,

Assalamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya. Wannan ma ta wayar Malam Abdulbasit za ta zo. Tun ranar da na tura waccan, abin da ya rubuto min kawai shi ne "Na gani, Allah ya saka." Na kira shi ya ce lafiya lau, ya hau tambayata karatu. Na kira wayarki wani yaro ya ɗauka yana tambayata ko ina ganin Fir'auna.

Ban san ko kin sha ba. Ban san ko kina lafiya ba. Tagwa ta gaji da ganina ina zagaye ɗaki, ta ja ni gidan innarta a unguwar Arba wa Nus aka cika ni da asida, tuwonsu na Sudan. Ko zagi ne ki rubuto min, layi ɗaya ya ishe ni.

Khairat

*

Malumfashi
Watan Satumba

Khairat,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, abin da ke cikina ma lafiya, yana ta harbina kamar na ci masa laifi. Ina shan maganina. Na fara da wannan don ki zauna ki daina zagaye ɗakin mutane.

Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa na hana Abdulbasit ya ce miki komai. Daga baya fushin ya huce, tsoro ya maye gurbinsa, na ce ba zan rubuto ba sai na ga sakamakon jini.

Ranar da ya zo, a zaure ya tsaya kamar yadda ya saba. Ko leda bai riƙo ba, don ya san duk abin da suruki ya kawo sai Gwaggo ta baje shi a tsakar gida kowa ya sa albarka. Ya miƙo min wayarsa na karanta a tsaye. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Husaina, ni ma fa ɗana ne." Ya zaro robar daga aljihu, na tura ta cikin hijabi.

Na manta robar nan ƙara take yi. A Funtua auduga nake cusa mata. Ina ratsa tsakar gida tana kacau-kacau, Gwaggo tana kan tabarma tana gyaran zogale. Ta ce, "Me ke kuka a jikinki?" Na ce ba komai. Ta ce, "Ba komai ba ya ƙara. Mu je ɗaki."

Na durƙusa a gabanta na faɗa mata duka, tun daga rasuwar na fari har zuwa biranki. Na ɗauka ta tsane ni ke nan. Sai ta ce tun yaushe rabona da sha. Da na faɗa mata, Khairat, matar nan ta wanke ni tas. Ta ce, "Au, ni kika ji wa kunya kika bar jikana a hannun cuta? Ni dodo ce? Na ɗauko ki don in tsare cikin nan, ashe ni ce nake kashe shi ban sani ba!" Ta fashe da kuka, ni ma na fashe. Da kanta ta ɗebo ruwa a kofinta na silba, wanda ko ke ba ta bari ki taɓa, ta tsaya a kaina sai da na haɗiye. Sauran ruwan ta shanye.

Ban ce miki ta gane komai ba. Washegari ta tambaye ni ko sauron da ya cije ni zai iya sa mata, na yi ta bayani. Maganar Sani direba kuwa ita ta tayar da ita, ta ce Allah ya yafe mata, ba ta sani ba ne.

Ita ta raka ni asibiti a Funtua. Malamar jinya ta yi min nata faɗan, Gwaggo tana gefe tana cewa, "Ƙara mata." Awon farko ya nuna ƙwayar ta taso, na yi kwanaki abinci ba ya min daɗi. Na jiya ya nuna ta sauka sosai. Sun ce saboda tazarar da na yi, magani iri biyu za su ba jaririn. Ba su yi min alkawarin komai ba, sun dai ce mu yi fatan alheri.

Yanzu robata tana cikin kwallar Gwaggo tare da maganinta na hawan jini. Ana sallame sallar asuba take zaro su, ta miƙo min nawa ta haɗiyi nata. Duk wanda ya tambaya sai ta ce maganin masu ciki ne, in yana so ya yi cikin.

Na yafe miki, ke ma ki yafe min. Ki yi mana addu'a, watan ya tsaya.

Antinki,
Husaina

*

Madinat Nasr
Watan Oktoba

Anti Husaina,

Assalamu alaikum. Barka da arziki! Allah ya raya mana Abba, ya ba ki lafiyar shayarwa. Malam Abdulbasit ya turo hotonsa, na yi ta nuna wa mutane har mai gadin gidanmu. Hancin Gwaggo ne sak, Allah ya ba shi haƙurin ɗauka.

Na gabatar da aikina a gaban malamai. Da na gama bayanin biran sai na ƙara da abin da allurar ba ta iya yi ba tukuna, na ce duk mai ba da labarinta ya haɗa da wannan, don akwai masu saurare da ransu. Dakta Eman ta ce tamam, wato ya yi, kuma daga bakinta wannan kyauta ce babba. Ban fasa sa rai ba, Anti. Ana ƙoƙarin ƙera wadda za ta daɗe a jiki, a yi wa jariri jefi-jefi har a yaye shi. Wataƙila ƙannen Abba su same ta, wataƙila sai 'ya'yansa.

Na san saura awonsa. Ina jira tare da ku.

'Yarki,
Khairat

*

Funtua
Watan Disamba

Khairat,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan sanyin da kike kuka da shi bai kashe ki ba. Mun yi arba'in mun dawo gida, kowa lafiya. Gwaggo ta biyo mu wai za ta kwana biyu, ga shi har ta sa an sauya wa randa wuri.

Sakamakon yaron ya fito. Ba a sami ƙwayar ba.

A gaban malamar jinya na zube na yi sujada. Abdulbasit ya fita waje wai zai duba babur, ya dawo ido jawur. Sun ce ba a gama ba, za a sake aunawa nan gaba, sannan na ƙarshe bayan yaye. Na ji, kuma ko kwana ɗaya ba zan sake tsallakewa ba. Ko na so ma ba hali, Gwaggo ce take ɗura masa maganinsa da hannunta tana ce masa, "Sha, angona." Ranar suna ta sa wanzami ya ɓare sabuwar reza a gabanta, ta kuma hana a cire masa beli. Ya ce al'ada ce, ta ce ta girmi al'adar.

Ɗazu na sake karanta takardarki ta farko. Wancan karon jariran birai kawai na gani, ashe na tsallake wani wuri. Kin ce sojojin nan daga jinin waɗanda suka daɗe da cutar aka samo su. Khairat, tun ranar da kika raka ni asibiti nake ƙyamar jinina. Ko wuƙa ce ta yanke ni ina yanka albasa, sai in zubar da albasar in wanke wurin kamar na yi ɓarna. Ban taɓa zaton akwai ranar da za a nemi magani a cikin irinsa ba.

Na san kin ce 'yan ƙalilan ne suke da su, kuma wataƙila ba na ciki. Amma ki tambayar min Dakta Eman. Idan masu biran nan suna neman jinin wadda ta daɗe da ita don su duba, ki ce musu akwai wata malamar firamare a Funtua, ba ta tsoron allura.

Yaron ya tashi, bari in je.

Antinki,
Husaina